Yadda Matafiyi Zai Kwana Lafiya a Masaukin Haɗaka a Garin Zafi Irin Dubai

Ranar Juma'ar da ta gabata, bayan sallar la'asar, muna zaune a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu a ƙauyenmu da ke gefen Ringim, sai ɗan yayana ya zo mini da maganar tafiyarsa ta farko zuwa Dubai, inda ubangidansa zai aike shi ya duba kayan waya. Da na tambaye shi inda zai sauka, ya nuna mini hoton wani ɗaki a wayarsa, ya ce irin masaukin nan ne da ake biyan kuɗin gado ba kuɗin ɗaki ba, kuma kwana biyu kacal zai yi. Na tuna masa cewa a watan Yuli fa zai tafi. Ya ce, "Baffa, mu da muka tashi cikin bazarar Jigawa, wane zafi ne kuma zai ba mu tsoro?" Wannan maganar tasa ce ta sa na zauna na yi wannan rubutu, domin ni ma da irin wannan tunanin na sauka a unguwar Deira da ke Dubai a karon farko, kuma daren da na yi a can har yau ban manta da shi ba.

Abin da ya kamata matafiyi ya fara fahimta shi ne zafi iri-iri ne. Zafinmu na watan Maris da Afrilu busasshe ne. Rana takan kai digiri 40 ko ta haura, amma iskar ba ta ɗauke da ruwa, saboda haka gumin da ya tsattsafo wa mutum yakan bushe nan take, kuma bushewar nan ita ce ke janye zafi daga jiki. Ta wannan hanyar ce randa ke sanyaya ruwa: ruwa na tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska na busar da shi, na ciki kuma yana yin sanyi. Shi ya sa idan dare ya yi muka yayyafa ruwa a tsakar gida muka shimfiɗa tabarma, kafin asuba sai ka ga mutum ya ja mayafi. Dubai kuwa a bakin teku take, kuma iskarta a lokacin zafi cike take da laima. A watan Yuli da Agusta rana takan haura digiri 40, da dare kuma ba kasafai ake sauka ƙasa da 30 ba. Gumi zai fito, amma ba shi da inda zai tafi, sai ya tsaya a jiki yana danƙo, mutum ya zama tamkar randar da aka naɗe da leda. Duk wata dabara da muka gada ta jiƙa mayafi ko kwana a waje, ƙarfinta yakan ragu ƙwarai a can. Hukumomin ƙasar da kansu sun hana aiki a ƙarƙashin rana daga ƙarfe 12:30 zuwa 3:00 na rana, tun daga 15 ga Yuni har 15 ga Satumba na kowace shekara, kuma ƙasar da ta tsayar da aikin gini saboda rana ta san abin da take gudu.

Saboda haka kwana mai daɗi tun daga gida ake shirya shi, a lokacin da ake neman masaukin. Kada hoto ya ruɗe ka. Ka tura saƙo ka yi tambayoyi a rubuce, ka kuma ajiye amsoshin a wayarka: mutum nawa ne a ɗakin, bayi nawa suke amfani da shi, ko ɗakin yana da taga, ko na'urar sanyaya ɗaki a cikin ɗakin take ko kuwa a wani wuri, kuma ana barinta a kunne har safe ko ana kashewa. Tambayar inda na'urar take tana da nauyi fiye da yadda ake zato. A tsofaffin unguwannin kasuwa irin su Naif da Al Ras akwai gidajen da ake raba falo ɗaya da katako zuwa ƙananan ɗakuna, a jera gadaje masu hawa biyu a kowanne, alhali na'ura guda ce ke hura wa kowa ta saman katakon. Irin wannan rabe-raben ba tare da izini ba ya saɓa wa dokar garin, kuma ya bambanta da masaukin haɗaka mai rajista a wurin hukumar tattalin arziki da yawon buɗe ido ta Dubai. Mai rajista zai karɓi fasfonka ya shigar da bayananka ya ba ka rasit. Wanda ya ce ka tsaya a bakin wani shago zai turo yaro ya shigo da kai ta baya, ya riga ya faɗa maka irin wurin da yake da shi. Araha ba ta ado, kuma ɗan abin da za ka rage a kuɗin gado ba zai biya maka ranar ciniki da za ka yi asara saboda rashin barci ba.

Ka kuma lura da lokacin saukar jirginka. Wanda ya tashi daga filin jirgin saman Malam Aminu Kano ya bi ta Adis Ababa ko Alƙahira yana iya sauka cikin dare, alhali yawancin masaukai sai wajen ƙarfe biyu ko uku na rana suke ba da gado, su karɓe shi da tsakar rana washegari. In jirginka zai sauka ƙarfe uku na dare, to daren da ya gabata ne za ka biya, ka kuma sanar da su cewa za ka iso a makare domin kada su ba wani gadonka. Agogon Dubai yana gaban namu da awa uku, don haka ƙarfe sha biyun darensu ƙarfe tara ne a jikinka, barci ba zai zo da wuri ba, tashin safe kuma zai yi nauyi.

Kayan da za su taimake ka ba su da yawa, kuma duk ana samunsu a kasuwar ƙauye: zanen gado na auduga mara nauyi, rigar barci mai shara-shara, tawul ƙarami, silifas na shiga bayi, kwaɗo ƙarami mai ƙwari, tocila, gorar ruwa, auduga ko abin toshe kunne, da ƙunshi biyu ko uku na garin gishiri da sukari da ake sayarwa a kemis. Soket ɗinsu irin namu ne mai ƙafa uku, don haka cajarka za ta shiga. Game da magani kuwa sai an yi hattara sosai, domin ƙasar tana da tsauri a kan magunguna irin su tiramadol da kodin, kuma wanda likita ya rubuta wa irinsu dole ne ya riƙe takardar likitan ya kuma bincika ƙa'idar shiga da su tun kafin ya tashi. Kada ka karɓi saƙon kowa a filin jirgi, komai kusancinku.

Idan ka isa masaukin, kada gajiya ta sa ka faɗa kan gado kai tsaye. Ka ajiye jakarka a kan tayil, ba a kan katifa ba, ka fita ka nemo matakalar bene, ka sauka da ƙafarka har ƙofar waje, ka tabbatar ba a kulle ta ba kuma ba a cushe ta da kwalaye ba. Ka ƙirga ƙofofin da ke tsakanin ɗakinka da matakalar, domin idan hayaƙi ya turnuƙe ido ba ya aiki, da hannu ake laluben hanya. Ban kawo wannan don tsoratarwa ba. A watan Afrilu na 2023 gobara ta tashi a wani gidan bene a Al Ras, cikin Deira ɗin nan da 'yan kasuwarmu ke sauka, mutum 16 suka rasu, kuma hukumar kashe gobara ta danganta abin da rashin bin ƙa'idojin kariya na gini. Inda mutane suka yi yawa, kowa da cajarsa, ga na'urori suna aiki dare da rana, wayoyin wuta sukan ɗauki zafi. In ka ga an jona soket a kan soket, ko ka ji ƙaurin roba, ka faɗa wa mai kula da wurin a take. Ka kuma rubuta lambobin gaggawa a takarda: 999 ta 'yan sanda, 998 ta motar asibiti, 997 ta 'yan kwana-kwana.

Bayan nan sai duba gado. Ka ɗaga zanen, ka haska tocila a kan ɗinkin gefen katifa da kusurwoyin ƙarfen gadon. Ɗige-ɗigen baƙi kamar an yayyafa tawada, ko tabon jini ƙanana, ko ɓawon ƙwaro, alamar kuɗin cizo ce, kuma duk wanda ya yi makarantar kwana ya san cewa inda aka ga ɗaya akwai dangi. In ka gani, ka nemi a canja maka ɗaki, ba gado kawai ba. In da hali ka zaɓi gadon ƙasa, domin iska mai zafi sama take taruwa, kuma mai gadon sama yana kwana ne a inda numfashin mutum takwas ke haɗuwa. Sai dai kada ka zaɓi wanda na'urar ke hura wa kai tsaye, saboda wanda ya kwanta da jiƙaƙƙen jiki a bakin iskar sanyi yana iya tashi da ciwon wuya.

Ni duk ban yi waɗannan ba a tafiyata ta farko. Na iso a gajiye, aka hau da ni hawa na uku, aka nuna mini gadon sama a wani ɗaki mara taga mai gadaje huɗu masu hawa biyu. Tsakanin fuskata da silin bai wuce kamu uku ba. Da farko akwai wata 'yar iska mai sanyi da ke shigowa ta saman katako, amma wajen ƙarfe ɗaya na dare sai ƙarar na'urar ta ɗauke, ɗakin ya yi tsit, ba abin da ake ji sai minshari da ƙarar ƙarfen gado idan wani ya juya. Cikin ɗan lokaci zanen ya jiƙe sharkaf, filon ya koma kamar an tsoma shi a ruwa. Na sauko na jiƙa tawul na lulluɓa kamar yadda muke yi a gida, amma maimakon ya sanyaya ni sai ya ɗumame ya manne mini a ƙirji. Na shiga bayi na buɗe famfon ruwan sanyi, ruwan da ya zubo ya kusa ƙona mini hannu. Kaina ya fara sarawa, zuciyata na bugawa da sauri, ga shi ban sayi ruwan sha ba kafin na hau. Wani dattijo ɗan Damagaram da ke gadon ƙasa, wanda ya ji ina salati da Hausa, shi ya tashi zaune ya ce, "Malam, ba a kwana a sama a irin wannan wata. Sauko ka zauna nan, ungo ruwa ka sha a hankali." Ya miƙo mini gorarsa, ya matsa ya ba ni gefen gadonsa, sa'an nan ya tafi ya tayar da mai kula da wurin, wanda ya ɗaga makunnin da ya faɗi. Allah ya saka wa wannan bawan Allah da alheri, domin yawancin abin da zan faɗa a gaba daga bakinsa na fara ji.

Shi ne ya bayyana mini sirrin famfo. Tankunan ruwa a kan rufin gini suke, rana na dukansu tun safe, saboda haka a lokacin zafi famfon sanyi ne ke kawo ruwan zafi. Mazauna garin sukan kashe tukunyar dafa ruwan wanka, wadda take cikin gini a inuwa, sai ruwan da ya kwana a cikinta ya huce, famfon zafi ya koma shi ne na sanyi. Ka duba makunnin tukunyar, galibi yana bakin ƙofar bayi da 'yar jar fitila, in a kashe yake ka gwada ruwan da bayan hannunka kafin ka sakar wa jikinka. In akwai bokiti, ka tara ruwa tun da yamma ka bar shi ya huce. Ka yi wanka dab da kwanciya, ka goge jikinka ya bushe sosai, musamman hammata da matsematsi, domin laimar da ta zauna a nan ce ke jawo ƙurajen zafi. Ka shimfiɗa zanenka na auduga, ka kwanta da tufa mara nauyi.

Rigimar da ta fi yawa a irin waɗannan ɗakuna a kan na'urar sanyaya ɗaki ake yinta, wani na so a ƙure ta, wani na rawar sanyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a saita na'urar a kan digiri 27 a haɗa da fanka, domin hakan na sa jiki ya ji kamar an rage wajen digiri huɗu, kuma wannan matsakaici ne da yawancin mutane za su iya amincewa da shi, ga shi ba ya wahalar da na'urar har ta faɗi. Hukumar ta kuma yi gargaɗin cewa idan zafin wuri ya haura digiri 40, fanka ita kaɗai ƙara wa jiki zafi take yi. Kada ka taɓa na'urar ba tare da ka yi magana da mutanen ɗakin ba. Sallama da fara'a da miƙa wa maƙwabcin gado dabino ko ruwa suna buɗe ƙofar da gardama ba ta buɗewa, ko da ba ku jin harshen juna. Ka rage hasken waya, ka sa abin ji a kunne, ka haɗa kayanka tun da dare domin kada ƙarar leda ta tashi mutane da asuba. Kada ka ɗauki hoton kowa ba da izininsa ba, domin laifi ne a dokar ƙasar. Mutanen gida kuma ka sanar da su tun kafin ka tafi cewa kiran murya da na bidiyo ta WhatsApp ba ya tafiya a can yadda aka saba, amma rubutu da saƙon murya suna zuwa, don kada hankalin Inna ya tashi idan ta kira ba ta samu ba.

Ruwan sha shi ne ginshiƙin al'amarin. Ka sayi manyan gora biyu kafin ka hau bene, ɗaya ta kwana a gefen filonka. Kada ka jira sai ƙishirwa ta kama ka, ka riƙa kurɓa a kai a kai, ka kuma duba launin fitsarinka: in ya yi duhu kamar shayi, jikinka na bin ka bashin ruwa. Wanda ya yi gumi mai yawa ba ruwa kaɗai ya rasa ba, har da gishiri, a nan ne garin da ka taho da shi zai yi amfani. In babu, sai a haɗa irin wanda iyayenmu mata ke yi wa yara masu gudawa: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Mai hawan jini ko ciwon sukari ko ciwon ƙoda ya tambayi likitansa tun a gida yadda zai yi da wannan. Abinci mai nauyi da maiƙo da daddare yana ƙara wa jiki zafi, haka nan shayi mai kauri yana kore ɗan barcin da ya rage.

Fasfo da kuɗi da waya kuwa ba sa rabuwa da jikinka. Ka bari su ɗauki bayanan fasfon a gabanka su mayar maka, kada ka bar shi a matsayin jingina. Ka sa su a 'yar jakar da ake ɗaurawa a ƙugu, cikin leda saboda gumi, ka shiga da ita har bayi. Sauran kaya su shiga akwatin ajiya, ka sa kwaɗonka na kanka. Kada ka ƙirga kuɗi a gaban jama'a, ko da kuwa mutanen ɗakin sun yi maka kirki.

Akwai wani abu da ke rikita mutanenmu da asuba. Mu a nan mun saba cewa fuskantar gabas ita ce fuskantar alƙibla, har kalmomin biyu sun zama ɗaya a bakinmu. Dubai kuwa tana gabas da Makka, saboda haka alƙiblarta yamma take, da ɗan karkata zuwa kudu. Ka duba silin ko bango, sau da yawa akwai 'yar kibiya da ke nuna ta, in babu ka tambaya, matambayi ba ya ɓata. A watan Yuli asuba tana yi da ƙarfe huɗu da 'yan mintoci, kuma masallatan unguwar suna da sanyi da wurin alwala mai tsabta. Sai dai ba kamar masallacin ƙauyenmu ba ne da baƙo zai shimfiɗa buzu ya kwana, galibi dab da salla ake buɗe su a rufe bayanta, don haka kada ka dogara da masallaci a matsayin makwanci.

Dole ne kuma ka san lokacin da haƙuri ya daina zama haƙuri ya koma ganganci. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya, murɗewar tsoka da kasala mai tsanani alamu ne cewa zafi ya fara cin ƙarfin jiki. Da ka ji su, ka sauko daga gado, ka nemi wuri mai sanyi ko da wurin karɓar baƙi ne, ka sassauta tufa, ka sha ruwa. Idan kuwa wani a ɗakin ya fara sambatu, ko maganarsa ta harɗe, ko jikinsa ya yi zafi rau ya faɗi, to bugun zafi ne, kuma yana kashewa cikin gaggawa. A kira 998 nan take, a zuba masa ruwa, a sa abu mai sanyi a wuyansa da hammatarsa da matsematsinsa, a yi masa fifita, kada kuma a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa ruwa a baki. A aikin Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, mutum sama da 1,300 suka rasu, kuma da yawansu daga ƙasashe masu zafi suka fito. In na'urar ɗakinku ta mutu ba a gyara ba, kuma ɗakin ba shi da taga, ka ɗauki jakarka ka nemi wani masaukin ko da kuɗin daren nan zai salwanta. Saboda irin wannan ne nake ba da shawara kowane matafiyi ya ware kuɗin kwana ɗaya a otal ya ajiye daban, kada ya taɓa shi wajen sayayya.

Da safe ka yi harkokinka na waje da wuri, ka koma inuwa kafin rana ta take, ka sake fita bayan la'asar lokacin da kasuwannin Deira ke cika. Kafin ka bar masaukin ka kakkaɓe tufafinka ɗaya bayan ɗaya, ka ƙulle waɗanda ka kwana da su a leda daban, ka karɓi kuɗin ajiyarka idan ka bayar. Idan Allah ya dawo da kai gida lafiya, kada jakar ta wuce zaure. A zazzage ta a tsakar gida, a wanke tufafin da tafasasshen ruwa domin zafi mai ƙarfi ne ke kashe kuɗin cizo da ƙwayayensa, jakar kuma a buɗe ta, a bi ɗinkunanta da buroshi, a shanya ta a kan dakali ta wuni biyu a rana kafin a shigar da ita ɗaki. Na faɗa wa ɗan yayana cewa ranar da zai dawo ni da kaina zan tare shi a ƙofar gida in karɓi jakar, kuma tuni na ba shi kwaɗon da na yi tafiyata ta ƙarshe da shi.